Tukunya Ta Mace, Mota Ta Namiji: Wa Ya Yi Wannan Rabo?

Ƙannena 'yan sakandare. Duk wanda ya taɓa raka iyayensa kasuwa ana saura kwana biyu ko uku Sallah ya san rumfar masu kayan wasan yara. Ba sai an nuna maka ita ba, kukan yara ne zai kai ka. Kayan a jere suke kashi biyu. Gefe guda kwalaye ne masu ruwan hoda: saitin girki da 'yan tukwane da ludayi, saitin kwalliya da madubi da mataji, sai 'yar tsana fara sol mai gashi ruwan zinare da shuɗayen idanu. Ɗaya gefen kuwa baƙi ne da shuɗi da ja: motoci, jirgin sama, bindigar roba, saitin kafinta da guduma da zarto, da bulullukan roba da ake harhaɗawa a gina gida ko gada. Kafin ka buɗe baki mai rumfa zai tambaye ka, "Na mace ko na namiji?" Da ka ba shi amsa ya san inda zai miƙa hannu.

Wannan tambaya tasa na daɗe ina juya ta a raina. Saitin wasa ƙaramar duniya ce aka ƙulle a kwali. Akwai gida ko asibiti ko gareji, akwai mutanen da ke ciki, akwai kuma aikin da aka damƙa wa kowannensu. Yaron da bai fara haɗa baƙi ba tukuna yana karanta wannan duniyar sarai. A cikinta yake fara gane wa ke tuƙi, wa ke girki, wa ke ba da magani, wa ake kira kyakkyawa, wa kuma babu shi a ciki sam. Na zaɓi in yi maganar da ku ne saboda a yawancin gidajenmu ku ne masu renon ƙanne. Ku ake aika siyo kayan wasan, ku ke raba faɗa in an yi a kansu, kuma dariyarku ko yabonku ya fi na kowa nauyi a wurin ƙaramin yaro.

Abin da na gani a ɗakin aikin hannu

Ni ɗaliba ce, ina aji uku a jami'a, a fannin injiniyan lantarki. Mu mata a ajinmu ba mu cika yatsun hannu biyu ba, sauran duk maza ne. A lissafi da jarrabawar takarda ba a barin mu a baya, sau da yawa ma a cikinmu ake samun ta gaba-gaba. Amma ranar farko da aka shigar da mu ɗakin aikin hannu, aka zube mana waya da filaya da sukundireba, sai bambanci ya fito. Yawancin mazan suka dira kan kayan kamar sun haɗu da tsofaffin abokai. Wasu daga cikin 'yan uwana mata kuwa suka tsaya suna jiran a ce su taɓa, wata tana riƙe da filaya kamar za ta cije ta. Ƙawata, wadda ta fi kowa maki a lissafi, ta raɗa mini cewa tunda take ko tocila ba ta taɓa kwancewa ba. A gidansu in abu ya lalace sai a ce a ajiye shi sai yayanta ya dawo.

Ni Yayana ne ya sauƙaƙa mini. Muna ƙanana ya ƙware a ƙera motar waya da ta gwangwani, kuma kullum yana buƙatar mai riƙe masa wani abu. Sai ya kira ni: "Ke, zo riƙe min nan, kar ki saki sai na ce." Daga riƙo na koma lanƙwasa waya, daga nan na koma yanka tayoyi a jikin tsohon silifa. Wata rana ya ciro ɗan injin da ke cikin wani mataccen rediyo, muka haɗa shi da batir biyu, muka sa masa fiffiken gwangwani, sai ga fanka tana juyawa. Wata maƙwabciyarmu takan ce wa Umma, "Wannan 'yar taki ta cika shiga wasan maza." Umma takan amsa mata, "Ai da ɗan uwanta take, kuma idona na kansu." Ba ta raba ni da 'yar tsanata ba, ba ta kuma raba ni da waya ba.

Saboda haka a wancan ɗaki ba fin ƙawata ƙwaƙwalwa na yi ba, hannuna ne kawai ya riga nata zuwa wurin. Kafin zango ya ƙare ta kamo mu, yanzu ma ita ake nema in haɗi ya rikice. Abin da ke damuna shi ne waɗanda ba su iso ƙofar ɗakin ba: 'yan matan da tun a aji huɗu na sakandare, lokacin zaɓen kimiyya ko adabi, suka ce wa kansu "wannan ba namu ba ne", alhali ba wanda ya taɓa ba su dama su gwada.

Masana tarbiyyar yara sun daɗe da lura cewa wasa da bulo da harhaɗa abubuwa yana horar da ido da tunani wajen gane siffa da girma da yadda abu zai zauna in an juya shi, wanda ake buƙata a lissafi da zane da gini. Wasan 'yar tsana da na girki kuma yana horar da harshe da haƙuri da kula da wani. Kowane yaro na buƙatar duka biyun. Wanda aka ba rabi aka hana shi rabi, an tauye shi, mace ce ko namiji.

Wasanninmu na gida

Kada ku ɗauka da kwalayen kanti rabon ya fara. A wasanninmu na gargajiya ma akwai shi. 'Yan mata na da 'yar tsana da tuwon ƙasa da carafke da gaɗa, maza na da dokin kara da langa da gare-gare da shanun laka. Amma akwai inda iyayenmu da kakanninmu suka fi mu: da hannunsu suke haɗa abinsu. Kakata ta ba ni labarin yadda suke yin 'yar tsana da ƙashin ƙafar rago ko guntun kara, su yi mata gashi da zare, su roƙo ƙyalle wurin tela su ɗinka mata zane da kallabi. In za a yi bikin 'yar tsana kuwa, sai an tara gudummawa, an ƙera gado da kara, an gina 'yan tukwane da yumɓu an shanya. Duk wannan awo ne da yanka da ɗinki da gini da lissafi. Yarinyar da ta yi haka ta yi aikin hannu ba kaɗan ba, ko da ba ta taɓa mota ba. Kuma 'yar tsanar kara ba fara ba ce ba baƙa ba. Kamar da mai ita ta ga dama ita take ba ta, sunan da take so shi take raɗa mata.

Saitin kanti kuwa a gama yake zuwa. Wani can a wata ƙasa ya riga ya zaɓi launin fata, ya zaɓi tufafi, ya zaɓi sana'a, ya kuma buga hoton wanda ya dace ya yi wasan a jikin kwali. Ba abin da ya rage wa yaro sai bi. Shi ya sa abin da aka zuba a kwalin ya zama abin dubawa.

Lissafin ɗan kasuwa

Mutane da yawa na ganin haka aka halicci yara: mace da ruwan hoda, namiji da shuɗi. Tarihi bai goyi bayan haka ba. A Amurka, inda wannan ɗabi'a ta yi ƙarfi, wata mujallar masu sayar da tufafin jarirai ta ba da shawara a 1918 cewa ruwan hoda ya fi dacewa da namiji, shuɗi kuma da mace. Sai daga baya abin ya juye. Mu nan ma ba sai an je da nisa ba. A wurin ɗaurin aure za ku ga dattijo da babbar rigar shadda ruwan hoda, ba wanda zai ɗaga ido.

Wata masaniyar zamantakewa Ba'amurkiya, Elizabeth Sweet, ta bi tsofaffin littattafan tallan kantin Sears na shekaru masu yawa. Ta gano cewa a 1975 kayan wasan da aka tallata a fili da sunan na maza ko na mata ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Zuwa 1995 sun kai kusan rabi. Yara ba su sake halitta cikin shekara 20 ba, salon talla ne ya sake. Dalilin kuma a fili yake. In keke ɗaya zai ishi yaro da ƙanwarsa, keke ɗaya uba zai saya. In aka shafa wa ɗaya ruwan hoda aka ce na mata ne, dole a sayi biyu, kuma ƙani ba zai yarda ya gaji na yayarsa ba. Ɗan kasuwa riba yake nema, kuma neman riba ba laifi ba ne. Amma bai kamata lissafin ribarsa ya zama shi ke yanke wa ƙanwarka abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba.

Labarin LEGO

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na LEGO, kamfanin ƙasar Denmak da wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, ya kafa a garin Billund a 1932. Shi ne ya shahara da bulullukan robar nan da ake kwaikwayo ana kawo mana. A 1981 kamfanin ya fitar da wata talla da har yau ake tunawa: yarinya ce sanye da riga da wando na yau da kullum, riƙe da abin da ta gina, tana murmushi. Babu ruwan hoda ko ɗigo a ciki. Amma a shekarun da suka biyo baya kwalayensa suka karkata ga maza: 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, mayaƙa, 'yan fashin teku, kuma akasarin 'yan mutum-mutumin da ke ciki maza ne. A 2012 sai ya fito da LEGO Friends domin 'yan mata, da shagon gyaran gashi da wurin shan shayi da asibitin dabbobi. An saye shi sosai, ya kuma jawo 'yan mata da yawa cikin wasan gini. Sai dai iyaye da dama sun yi ƙorafin cewa an ware mata ne an kai su wata unguwa ta daban.

A farkon 2014 wata yarinya 'yar shekara 7 ta rubuta wa kamfanin wasiƙa da ta zaga duniya. Kukanta shi ne matan cikin kwalin zaman gida suke yi, ko su je bakin teku ko sayayya, ba su da aikin yi, alhali mazan su ke fita, su yi aiki, su ceci mutane. Ta nemi a ƙara yawan matan, a kuma bar su su ma su fita. A watan Agustan wannan shekara LEGO ya fitar da wani saiti mai mata uku masana kimiyya: mai nazarin taurari, mai haɗa sinadarai, da mai binciken ƙasusuwan halittun da suka shuɗe. Wata masaniyar kimiyyar duwatsu, Ellen Kooijman, ita ta tsara shi tun kafin wasiƙar, mutum 10,000 suka mara mata baya. Cikin 'yan kwanaki ya ƙare a kasuwa. A 2017 aka fitar da wani mai ɗauke da mata huɗu na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, cikinsu har da Mae Jemison, baƙar fata mace ta farko da ta je sararin samaniya, a 1992. A 2021 kamfanin ya sanar cewa zai yi aikin kawar da wariyar mace da namiji daga kayansa da tallarsa.

Abin da na ɗauka a wannan labari shi ne shekarun yarinyar. Bakwai. Ba wanda ya zaunar da ita ya karanta mata darasi. Ta duba kwalaye ne ta ga wa ke aiki, wa ke zaune. Ƙannenmu ma suna gani, ko da ba su rubuta wa kowa wasiƙa ba.

Kamar wa ke cikin kwalin?

Rabon mace da namiji rabin maganar ne. Ɗaya rabin shi ne kamannin mutanen da aka sa a kwalin. A shekarun 1940 wasu ma'aurata baƙaƙen fata masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Kenneth da Mamie Clark, sun yi gwaji da yara baƙaƙe 'yan shekara 3 zuwa 7. Sukan ajiye musu 'yan tsana iri ɗaya sak, launin fata kawai ya bambanta su, su tambaye su wacce ce mai kyau, wacce kuma suke son wasa da ita. Akasarin yaran farar suka zaɓa. Wannan bincike ya kai har gaban Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar 1954 da ta haramta raba makarantun farare da na baƙaƙe. Waɗancan yara a ƙarƙashin wariyar launin fata suka tashi, halinmu ba irin nasu ba ne. Amma duk sanda na ga ƙaramar yarinya tana shafa gashin farar 'yar tsana tana cewa ina ma nata haka yake, ko na ga yadda man bilicin ke tafiya a tsakanin sa'o'ina, sai gwajin nan ya faɗo mini.

Barbie, 'yar tsanar da ta fi kowace suna a duniya, kamfanin Mattel ya fito da ita a 1959. Sai a 1980 aka samu baƙar fata mai ɗauke da sunan Barbie. A 2016 aka ƙara siffar jiki iri uku, doguwa da gajera da mai jiki, da launin fata iri 7. A 2017 aka sanar da ta farko mai hijabi, a kamannin Ibtihaj Muhammad, Ba'amurkiyar da ta yi wasan takobi da hijabinta a gasar Olamfik ta 2016 ta kuma samu lambar tagulla tare da tawagarta.

'Yan Najeriya ba su zauna jiran Amurka ba. A Legas, Taofick Okoya ya nemi baƙar 'yar tsana domin wata 'yarsa ta dangi ya rasa, sai ya kafa Queens of Africa a 2007. 'Yan tsanarsa uku ne da tufafin gida: Nneka ta Ibo, Wuraola ta Yarabawa, da Azeezah ta Hausawa. A Ilorin kuma wata matashiya, Haneefah Adam, ta riƙa ɗinka wa 'yar tsana dogayen riguna da hijabi tana sa hotunan a Instagram da sunan Hijarbie, a 2016 labarinta ya kai manyan kafafen yaɗa labarai na duniya. Ku lura da kayan aikinta: allura da zare da ƙyalle, irin dai na kakata.

Akwai kuma waɗanda kusan kullum ake mantawa da su. A unguwanninmu da azuzuwanmu akwai wanda shan inna ya taɓa, akwai zabiya, akwai kurma, akwai makaho. A wane kwali kuka taɓa ganin mai kama da su? A 1997 Mattel ya fito da Becky, ƙawar Barbie, a kan keken guragu. Ba a jima ba aka gano cewa kekenta ba ya shiga na'urar hawa bene ta gidan Barbie da kamfanin da kansa yake sayarwa. An yi ta, amma ba a gyara mata gidan ba. Duk sanda na ga makaranta ta karɓi ɗalibi mai keke alhali ajinsa na saman bene, Becky nake tunawa. LEGO ma sai a 2016 ya nuna ɗan mutum-mutuminsa na farko a kan keken guragu, a baje-kolin kayan wasa na Nuremberg a Jamus.

Maza ma ana tauye su

Kada samarin cikinku su ga kamar maganar mata ce kawai. Ina da ƙane ɗan shekara huɗu. Da Umma ta haihu ya ga tana goyo, shi ma ya ɗauko 'yar tsana ya ce in ɗaura masa da ɗankwali. Yana zagaya tsakar gida yana jijjiga ta, sai ga wasu manyan yara sun shigo. Suka bushe da dariya, suka kira shi da sunan da ba zan maimaita a nan ba. Ya kwance goyon ya yar, bai sake kusantar ta ba. Mene ne yaron nan yake koyo da ya zama abin kunya? Tausayin jariri yake koyo, wanda wata rana in ya zama uba za a nema a wurinsa.

Abin mamaki, duniyar da ke wajen kwali ta fi ta cikinsa faɗi. Mai shayin bakin titi namiji ne. Mai tsire da mai balangu da mai kilishi maza ne. Kukun otal sau da yawa namiji ne, haka telan da ke ɗinka kayan Sallah da mai aikin wuyan babbar riga. A asibitocinmu akwai ma'aikatan jinya maza, kuma ana ganin girmansu. Amma ƙaramin yaro ya taɓa tukunyar roba sai a ce ya yi abin mata. Sakamakon ina ganin sa a jami'a: saurayi mai gemu, in kuɗin sayen abinci ya ƙare, ba abin da ya iya dafawa sai Indomie, maɓallin rigarsa ya cire sai ya jira hutu.

Ba aron al'adar wasu ba ne

Na san wani zai ce wannan maganar Turawa ce, so ake a mayar da mace namiji, namiji mace. Ban ce mace da namiji ɗaya ne ba, ban kuma ce a ƙwace wa yarinya 'yar tsanarta a cusa mata guduma ba. Yarinyar da ke son girki da kwalliya a bar ta, ba ta yi laifi ba, ni ma ina so. Yaron da mota ce kawai a ransa a bar shi. Abin da nake cewa shi ne kada a rufe ƙofa tun yaro bai leƙa ba.

Ku duba buƙatarmu ta yau da kullum. In mahaifiyarka ko yayarka ba ta da lafiya, a gidaje da yawa abu na farko da ake tambaya a asibiti shi ne, "Akwai likita mace?" Muna son likita mace, muna son malamar kimiyya a makarantar 'yan mata, muna son mace mai ɗaukar hoton ciki da mai gwajin jini. To daga ina za su fito in saitin likita kullum hannun namiji ake miƙa wa? Sai an shuka ake girbi. Kuma ga masu jin tarihin magabata, ya zo a hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da kayan wasa, cikinsu har da doki mai fukafukai biyu, kuma da Manzon Allah (SAW) ya gani dariya ya yi, bai ce doki ba na mata ba ne.

Abin da ke hannunku

Ba ku da kamfani, yawancinku ma ba ku da kuɗin sayen saiti mai tsada. Amma akwai abubuwan da ba sa cin ko sisi.

Na farko, ku kama bakinku. In ƙanwarka ta ɗauki mota, ko ƙanenki ya ɗauki tukunya, kada ku yi dariya, kada kuma ku bari wani ya yi a gabanku. Dariya ɗaya ta babban wa ta isa ta raba yaro da abu har abada.

Na biyu, ku ja su cikin aikinku. Kai da ke gyaran keke ko kwance tocila, kira ƙanwarka ta riƙe maka sifana, ka faɗa mata sunan kowane abu. Ke da ke girki, ba ƙanenki tumatir ya wanke, ki nuna masa yadda ake auna gishiri. Wanda ya iya ɗinki ya koya wa kowa sa maɓalli.

Na uku, in an aike ku siyo abin wasa, ku tuna abin da yaron ke yawan yi da hannunsa kafin ku duba launin kwali. In kuɗin na abu ɗaya ne, ku zaɓi wanda yara da yawa za su yi tarayya a kai, kamar bulo ko ƙwallo ko saitin likita. In 'yar tsana ce, ku tambayi mai kama da mu. Ko babu, tambayar ba ta faɗi banza ba, domin ɗan kasuwa abin da ake yawan nema shi yake sarowa.

Na huɗu, ku ƙera naku. Kwali da kara da murfin kwalba da ƙyallen tela sun isa a gina asibiti ko tasha ko makaranta. A nan ku ne masu kamfanin, ku za ku raba aiki. Ku sa mace likita, ku sa namiji mai jinya, ku sa direba da malama da mai shayi. Ku sa mai keken guragu, ku kuma faɗaɗa masa ƙofa. Ku raɗa musu sunayen gida, ku sa musu kaya irin namu.

Na ƙarshe naku ne ku kanku. Wasunku na daf da zaɓen kimiyya ko adabi ko kasuwanci, wasu na shirin cike fom ɗin JAMB. Kafin ki ce "ni ba na iya kimiyya", ko ka ce "jinya aikin mata ne", ku tambayi kanku: na gwada ne na kasa, ko tun ina ƙarami aka faɗa mini na yarda? In amsar ta biyun ce, lokaci bai ƙure ba. Ƙawata sai da ta kai shekara 18 ta fara riƙe filaya, ga shi yau ita ke koya wa wasu.

Allah Ya ba ku sa'ar karatu, Ya sa ku zama yayye nagari ga ƙannenku.